Musayar Waƙa: Ranar da Masar Ta Karɓe Mashigin Suwez

Ɗan Zaure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau na zo da baitoci a kan mashigin Suwez, da yadda Jamal Abdul Nasar ya ƙwace shi daga hannun Ingila da Faransa a 1956. Ƙwar huɗu ce, babban amsa-amo "wa". Isma'ilu da zan ambata shi ne mai mulkin Masar na lokacin, Urabi kuma hafsan sojan Masar ne. Mai baiti ya ɗora.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Salati ga Manzo, fiyayyen malami,
Masar za ni, ƙasar Nilu da ilimi,
Labarin mashigi nake son bayarwa.

Talakan Masar da kwando da diga,
Aikin tilas ne, ba ka ƙin shiga,
Ga ƙishi, ga rana, ga dorina ana buga,
Shekara 10 ana ta haƙawa.

A 1869 ruwa ya gudana,
Jirage na ratsawa dare da rana,
Riba can Turai take zuwa ta kwana,
Mai ƙasa sai kallo, ba ya taɓawa.

Bashi ya shaƙe Isma'ilu a wuya,
A 1875 ya rasa wurin ɓuya,
Ya sai da hannun jarinsa ga Birtaniya,
Fam miliyan 4 aka yi ƙirgawa.

Shekara 7 tsakani sai ga soja,
Urabi ya tashi, da su ya ja,
Suka kai shi Silon don zubar da daraja,
Shekara 74 babu ficewa.

Gwaggon Yara:
Sannu da ƙoƙari, ɗana. Ka tsaya da mu a bakin ƙofa, bari in shigar da mu ɗaki.

A 1952 sarki ya faɗi,
Faruƙu ya hau jirgi, ba sauran daɗi,
Hafsoshi matasa suka yi gargaɗi:
Baƙon da ya daɗe ya shirya komawa.

Nasar na son madatsa a Aswan ya gina,
Amurka da Ingila suka ba da magana,
Don ya sha hannu da Rasha da Sin suka hana,
Wai rashi ya sa shi ya zo durƙusawa.

Kwana 7 tsakani, a Iskandariyya,
Ya tsaya jawabi a filin Manshiyya,
Rediyo na kai shi ko'ina a duniya,
Sunan Dalasebs yake ta nanatawa.

Ashe sunan nan alama ce ta sirri,
Mahmud Yunus na jira da shiri,
Ofisoshin kamfani suka shige da wuri,
Kafin ya sauka an gama karɓewa.

Dalasebs shi ne Bafaranshen da ya jagoranci haƙar, Mahmud Yunus kuma injiniyan da ya jagoranci karɓe ofisoshin kamfanin mashigin. Ranar 26 ga Yuli aka yi wannan jawabi, kuma a cikinsa Nasar ya ce mutum 120,000 suka mutu wajen aikin. Ni dai in na zo nan sai in tuna ɗiban gwamna, da aka riƙa kwasar mazajenmu zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin Hitila. Ciwon iri ɗaya ne.

Tsohon Malami:
Madalla, Gwaggo. Saura yaƙin, da firaministan Ingila Antoni Idin, da Bur Sa'id, garin da ke bakin mashigin.

A Sebar ta Faransa aka ƙulla a ɓoye,
Isra'ila ta fara, Sina'i ta mamaye,
Su biyun su zo wai rabo, su kewaye,
Mai raba faɗa da bam yake rabawa.

Idin ya kira Nasar wani Musolini,
Faransa a Aljeriya tana cikin jini,
Ta ce daga Alƙahira ake ba da izini,
A sare kan, jiki ya bar motsawa.

5 ga Nuwamba laima ta cika sama,
Bur Sa'id na ci, hayaƙi ya gama,
An raba bindiga ga mai su da mai noma,
Lungu-lungu ake ta fafatawa.

Aka nutsar da jirage, mashigi ya toshe,
Gidajen mai a Landan suka bushe,
Abin da suka zo ceto shi suka kashe,
Fetur sai da kati ake sayarwa.

Almajirin Azhar:
Baba, a gafarce ni, ina da ja. Na zauna a Alƙahira, na sha shayi a shagunan da hoton Nasar ke rataye a bango, na kuma zauna da waɗanda kakanninsu suka tsufa a kurkukunsa. Dole a faɗi duka, har da rawar Aizanhawa, shugaban Amurka na lokacin.

Baba, a fagen daga Masar ba ta ci ba,
Sina'i ta tafi, jirage ba su tashi ba,
Aizanhawa ne ya ce bai yarda ba,
Ya matse fam har ya kusa karyewa.

Rasha ta yi kurari da roka,
Majalisar Duniya ta kafa doka,
Idin ya sauka a Janairu saboda haka,
Zakin da ya tsufa aka ga kasawa.

Kurkukun Nasar kuma kar mu manta,
Ƙasa kaɗai ce mutumin ya 'yanta,
Jam'iyyu duka ya rufe ya haramta,
Sayyid Ƙuɗub ya kai ga ratayewa.

Haɗaka da Siriya a shekara 3 ta watse,
Yaƙin Yaman ya sa aljihu ya matse,
A 1967 hanyar aka datse,
Mashigin ya yi shekara 8 ba buɗewa.

Ɗan Mai Wurno:
Daga Sudan nake rubutu, jikan waɗanda suka yi hijira gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Malam Almajiri, baitina na farko yana bayanka, domin maƙwabtanmu Nubawa sun biya kuɗin madatsar nan da garinsu, aka kwashe su zuwa Sabuwar Halfa a 1964. Sauran biyun kuwa na kakana ne.

Madatsar da aka yi faɗan dominta,
Wadi Halfa ruwa ya haɗiye ta,
Dabino da kaburbura na ƙarƙashinta,
Nubawa a jirgin ƙasa suna waiwayawa.

Amma kakana, Allah ya jiƙansa,
Rediyo na manne a kunnensa,
Sautul Arab ta ce Ingila da Faransa
Sun kwashe kaya, hawayensa na zubowa.

Ya ce daga Burmi aka zo da shi a goye,
Ya girma yana jin Bature ya cinye,
Sai ran nan ya ji an ce ya janye,
Ya yanka rago, unguwa na ta taruwa.

Gwaggon Yara:
Allah ya jiƙan kaka, ya sa ya huta. Kai kuma ɗan Azhar, ga amsarka da amsa-amonka.

Ɗana, kurkukun nan ban musa maka ba,
Amma Aizanhawa bai zo don Allah ba,
Da Bur Sa'id ba ta yi tsayin daka ba,
Da kafin ya tanka an gama cinyewa.

Ɗan Zaure:
Na gode, iyayena da 'yan uwa. Ga wanda ya rage a hannuna.

22 ga Disamba jirginsu ya tashi,
Gunkin Dalasebs aka je aka same shi,
Aka sa nakiya aka tumɓuke shi,
Dakalinsa kaɗai ya rage a bakin ruwa.