"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi": wa ya bar wa?

Ɗan Magama: Assalamu alaikum. Jiya a tashar Jibiya wasu direbobi biyu sun kusa ba hammata iska kan ficewar Nijar daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Na Katsina ya ce wa na Maraɗi, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Na Maraɗi ya ce, "Gidan da aka yanke maka wuta, aka garƙame maka ƙofa, shi kake kira gida?" Da ƙyar aka raba su. To manya, karin maganar nan ta zauna a wurinta, ko an ɗora ta ne inda ba nata ba?

Malam Na Zaure: Wa alaikumus salam. Ana faɗarta ne ga wanda ya tafi cirani ya daɗe, ya dawo ya tarar an raba gona ba da shi ba, ɗakinsa an sa amarya. Gargaɗi ce, cewa rabo na bin zama. Amma tana da sharaɗi: mutum ya fita da ƙafarsa. Wanda aka kora, ba a yi masa ita.

Ɗan Ƙonni: To Malam ka yanke hukunci ke nan. Sojoji sun kifar da shugaban Nijar Bazoum ran 26 ga Yuli 2023. Kwana huɗu tsakani CEDEAO, wato ECOWAS, ta rufe iyakoki, ta riƙe kuɗin gwamnati a babban banki, ta ba da wa'adin mako guda ko a zo da yaƙi. Najeriya ta yanke layin wutar da ke zuwa Yamai daga Birnin Kebbi, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take. Magani ya yanke a asibitoci, shinkafa ta yi tashin gwauron zabi. Wanda ya sha wannan wahala ba janar ba ne, mai talla ce. Sai ran 28 ga Janairu 2024 muka ce mun fita, mu da Mali da Burkina. Wa ya fara barin wani?

Mai Fito: Ɗan'uwa, ban musa maka ba, sai dai a takarda gida bai bar ku ba tukuna. Sashe na 91 na yarjejeniyar ƙungiyar ya ce mai fita ya ba da sanarwar shekara guda, shi ya sa ficewar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. A ranar ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga ƙasashen uku, a bar mutanensu su shiga ba biza, kayansu kuma su ci gaba da wucewa ba kuɗin fito, har sai an sake sanarwa. Abin tsoron yana cikin "har sai an sake sanarwa". Albasa, wake, dabbobi da aikin hannu ba sa bukatar takardar asalin kaya. Kayan masana'anta kuwa, sabulu ko roba ko taliya, sai an yi wa kamfanin da kayan rajista, a haɗo takardar asali da kowace mota. In wannan tsari ya faɗi, bokitin Kano zai shiga Damagaram kamar wanda aka ƙera a Sin, ya faɗa ɗaya daga matakan fito: kashi 5, 10, 20 ko 35. Mai saye ne zai biya.

Hajiyar Kurmi: Ni wannan magana tana tuna min labarin da kakata take bayarwa, Allah ya jiƙanta. Wasu wa da ƙane ne a gandu ɗaya bayan rasuwar mahaifinsu. A ƙa'ida ba a raba gandu sai da kaka: a ɗaure dammuna a ƙirga, a fitar da zakka, a ware iri, a biya haraji da bashin da ke kan gida, sannan a kira dattawan unguwa su kafa iyaka da gamba. To ƙanen ya yi wa wan rashin kunya a tsakiyar damina, wan kuma ya rufe rumbu, ya ce ba mai ba iyalin ƙanen ko zangarniya ɗaya sai ya zo ya durƙusa. Kwana uku 'ya'yansa suna cin tafasa. A na huɗu ya sari kara ya ja danga a tsakar gida, ya fasa ƙofa ta baya, ya ce shi da gandu har abada.

Sai da danga ta tsaya aka lura rijiya tana ɓangaren wan. Matar ƙanen ta koma ɗaukar tulu tana zagaya unguwa zuwa rijiyar bakin kasuwa, sawu huɗu kullum. Amma fa turken awaki da jujin taki sun faɗa ɓangaren ƙanen, gonar wan ta kwana shekara ba taki, geronsa ya fito kamar tsintsiya. Matan biyu kuwa ba su taɓa daina gaisawa ba. Suka ɓula dangar daga ƙasa, wannan ta miƙa guga, waccan ta miƙa ƙwaryar nono, mazan suna zaure kowa ya ɗaure fuska. Kaka takan ce wan ne ya riƙa yawo da wannan karin magana a majalisa, har wani tsoho ya tambaye shi, "Kai da ka rufe rumbu, gidan ne kai ko mai gadinsa?"

Ɗan Magama: Hajiya, sun shirya daga baya?

Hajiyar Kurmi: Nan take tsayawa, ta ce a tashi a yi sallah.

Direban Gaya: Hajiya, rijiyar nan Kwatano ce, ta ƙasar Benin. Daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano ka bi Paraku, Malanbil, ka haye gada zuwa Gaya, Doso, Yamai, kusan kilomita 1,000. An ɗage takunkumi ran 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe saboda zargin tsaro. Kaya suka koma Lome ta Togo, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori su ɓullo Tera, cikin ayari da rakiyar soja. Mota ba ta tashi sai ayari ya cika, jira kuma yakan kai makonni. Kowace rana kuɗin jinkirin kwantena na hawa, direba da yaron mota na ci, mai kaya na biyan bashin banki. Albasa in ta kwana cikin zafi ƙarƙashin tamfol sai ta yi gumi ta ruɓe daga tsakiya. Ɓular danga kuma ita ce kwale-kwale: a sauke buhu a Malanbil, a haye kogi, a sake lodi a Gaya, kowane hannu da ladansa.

Baba Mai Goro: Karin maganar nan talaka kawai take ci. Akwai wani babba a jiharmu, jam'iyya huɗu ya bari, duk wadda ya koma sai an yanka masa sa an kira makaɗa. Shi gida ba ya barinsa, bin sa yake da kujera.

Ɗan Ƙonni: Baba, ai waɗanda suka fi ɗaga murya a je yaƙi a 2023, ko ɗaya ba shi da ɗa a bariki. Namu ma masu hawa mumbari suna "zancen ƙasa ne", a tambaye su kuɗin tiyar gero, a ga ko za su amsa.

Mai Fito: Ku dawo kan hanya. A Maris 2025 ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, sun sa harajin kashi 0.5 kan kayan da ke shigo musu daga waje. Harajin ECOWAS da suka baro shi ma kashi 0.5 ne. Har yanzu kuma suna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu kuɗi ɗaya, sefa suke kashewa. Ni a ganina karin maganar da ta dace ita ce an rabu da Bukar an haifi Habu.

Malam Na Zaure: A'a. Wannan ana yin ta ne in babu abin da ya sauya. A nan kuɗin ya sauya aljihu, da Abuja yake tafiya, yanzu yana hannunsu. Ga wanda aka taɓa riƙe wa kuɗinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

'Yar Zango: Daga Kumasi nake gaishe ku. Birtaniya ma ta yi ƙuri'ar barin Tarayyar Turai a 2016, kashi 52 da 48, ba ta fita ba sai 31 ga Janairu 2020, rigimar ta ci kujerar firaminista biyu kafin nan, 'yan kasuwarsu kuma suka koma cike takardun kwastan da da ba su san su ba. Muritaniya ta bar ECOWAS a 2000, a 2017 ta dawo ta sa hannu kan yarjejeniyar hulɗa. Ita wane suna za mu ba ta, mai yaji ko bazawara?

Direban Gaya: Kuma kada a manta Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 tana zaune daram cikin ƙungiyar. Maraɗi da Ƙonni sun ji a jikinsu. A lokacin wa ya bar gida?

Baba Mai Goro: Ni fa ban taɓa jin Bakatsine ya kira Maraɗi waje ba. Sarkinsu ma Sarkin Katsina ake ce masa. Gidan da direbobin nan ke faɗa a kai an gina shi a 1975, kasuwar Jibiya ta girme shi.

Hajiyar Kurmi: Baba, a labarin kaka ma dangar ta kara ce, kowace shekara sai an sake ta, in ba haka ba gara ta cinye. Abin da ban taɓa tambayarta ba shi ne wa ke sarar sabon karan.

Ɗan Magama: Direban Gaya, tunda kana nan: hanin fitar da hatsi da Nijar ta sa a Oktoba 2024, ya haɗa da wake? Akwai masu tambaya a Magama.

Direban Gaya: Ya haɗa, da gero da dawa da masara da shinkafa, Mali da Burkina kawai aka keɓe. Kafin su yi lodi su leƙa ofishin duwan, wato kwastan, na Ɗan Isa su ji inda aka kwana, kada a kama musu mota da kaya.