Ga aiki ga aure, amma ba a gari ɗaya ba

Sabuwar Nas ta rubuta:

Salamu alaikum. Manyanmu a wannan aiki, don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Watan jiya sakamakon jarrabawarmu ya fito, na ci, lasisi kawai nake jira. Asibitin koyarwar da na yi aikin koyo a ciki sun ce za su ɗauke ni a ɗakin yara. Shi kuma wanda zan aura yana aiki a wani gari, tafiyar awa tara a mota, kuma ba a ba su canjin wuri. Asibiti ɗaya ne a garin, gado 30. Ya ce ya riga ya yi magana, nas suke nema ruwa a jallo.

Wannan ruwa a jallon ne ya tayar min da hankali. Da na bincika, ashe da dare nas ɗaya ce ke kwana a kan duka gadajen, likita kuwa sai an buga masa waya.

Ni na san iyakata. Akwai daren da aka kawo wata yarinya 'yar wata takwas, gudawa ta tsotse ta, maɗiga ta faɗa, ido ya zurma. Sau uku ina neman jijiya in sa mata ƙarin ruwa ban samu ba, uwar na tsaye a kaina tana kallon hannuna yana rawa. Sista ta zo, ta kama ƙafar yarinyar, ta shafa da babban yatsa sau biyu, ta soka. Ko minti ɗaya ba ta yi ba. To a can wa zan kira?

Da na gaya masa tsorona, dariya ya yi, ya ce ai allura allura ce ko'ina. Ba da mugun nufi ba, mutumin kirki ne, shekara huɗu yana jirana. Amma maganar ta tsaya min a rai.

Sista Mai Aikin Dare:

Ƙanwata, shekarata 19 ina wannan aiki, kuma wallahi tsoronki ya burge ni. Sabuwar nas da ba ta jin tsoro ita nake tsoro.

Abin da kike ji ba ke kika fara ba. Tun 1974 wata malamar nas a Amurka, Marlene Kramer, ta yi rubutu a kan gigicewar sababbin nas idan suka fito daga aji suka faɗa ɗakin marasa lafiya, har wasu su bar aikin. Wata malamar nas ɗin kuma, Patricia Benner, a 1984 ta kasa ƙwarewar nas mataki biyar, daga ɗan koyo zuwa gwani, ta ce mataki na uku, inda mutum zai tsaya da ƙafarsa, yakan ci shekara biyu zuwa uku a aiki iri ɗaya. Ke ko wata guda ba ki yi ba.

Kada ki ce e ko a'a daga nesa. Ki je da ƙafarki, ki ga shugabar nas ɗinsu. Mako nawa za ki yi tare da babba kafin a bar ki ke kaɗai da dare? In an kira likita, minti nawa kafin ya iso? Akwai iskar oksijin, ko tukunya ce kawai a jingine? In ciwo ya fi ƙarfinsu, ina ake turawa, da wace mota? In da hali, nemo wadda ta bar gurbin, ki ji abin da ya kore ta.

Aiki ba zai gudu ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duniya na da giɓin nas miliyan 5.9. Abin da ba a samu ko'ina shi ne babbar da za ta tsaya a bayanki.

Uwar Biyu:

Sista, ki yi haƙuri, ban yarda da ke duka ba. Ni ƙaramin asibiti ne ya mai da ni nas. A wata shida na karɓi haihuwa, na yi ɗinki, na koyi wanke ƙuna, abin da ƙawayena na babban asibiti ke kallo daga bayan ɗaliban likita. Sai dai gaskiya, ina da wata tsohuwar ungozoma da gidanta ke bayan katanga. Kuma auren nesa ba wasa ba ne, aikin dare uku a jere sannan awa tara a mota, wa zai iya?

Mijin Nas:

Malama, ni ma na taɓa faɗin irin maganar mutuminki. Ranar da na kai wa maiɗakina saƙo ƙarfe biyu na dare, na tarar da ita ita kaɗai tsakanin mai haihuwa da wanda aka kwaso daga hatsarin mota, ban sake ba. Ki ba shi labarin yarinyar nan yadda kika ba mu, kada ki rage komai.

Sabuwar Nas:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti Uwar Biyu, ungozomar bayan katangar nan ita zan fara tambaya ko suna da irinta. Na kira shi ɗazu na ba shi labarin, ya yi shiru, sai ya ce, "Yarinyar ta rayu?" Na ce ta rayu. Ya ce ranar Asabar zai raka ni wajen shugabar nas ɗin. Sista, in sun ce mako biyu kawai za a haɗa ni da babba, ya yi kaɗan ko?