Idan wata annoba ta sake zuwa: abin da mutanen Jos suka ce

Jama'a, zancen da ake yi kan abin da ya kamata a yi idan wata annoba irin korona ta sake zuwa ya yi tsawo, ga abin da na tattara.

1. Kusan kowa ya yarda cewa a kullen korona na 2020 talaka ya fi tsoron yunwa a kan cutar. Mai tura baro a Farin Gada da ɗan Keke Napep, abin da suka samo yau shi ne tuwon dare. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kowane gida ya riƙa ajiye masara da wake ko na wata guda ne, a kuma riƙe adashi. An tuna yadda jama'a suka fasa rumbun kayan tallafin korona na Bukuru a Oktoban 2020. Da yawa sun ce da an raba kayan da wuri ta hannun masu unguwanni, da ba a kai ga haka ba. Ni ma ra'ayina ke nan.

2. Kan rufe masallatai da coci-coci, baki ya rabu. Wasu sun kafa hujja da cewa Saudiyya ma ta hana alhazan ƙasashen waje zuwa Hajjin 2020. Wasu sun ce a bar su a buɗe, a rage cunkoso, a sa takunkumi.

3. Malaman makaranta sun ce karatu ta intanet bai kai ga yaran Gangare da Unguwar Rogo ba, rediyo ya fi amfani.

4. Ciniki ta waya da tura kuɗi sun zauna da gindinsu.

5. Ba a daidaita kan rigakafi ba. Ma'aikatan lafiya sun roƙi a riƙa duba sanarwar NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, kafin a tura saƙon WhatsApp gaba.