Magani ya saɓule wa ƙanena fata, wa ya taɓa ganin irin wannan?

Yayar mara lafiya: Salamu alaikum 'yan uwa. An ɗora ƙanena kan carbamazepine saboda farfaɗiya. Kwana 12 da farawa sai ga zazzaɓi, maƙogwaro na ciwo, idanu jajir. Muka ce mura ce. Ba a yi kwana biyu ba leɓɓansa suka farfashe, ƙuraje masu ruwa suka feso masa a ƙirji. Da na zo cire masa riga, wallahi fata ta biyo rigar. Likita ya ce sunan ciwon Stevens-Johnson. Don Allah wanda ya taɓa gani ya ba mu labari.

Ma'aikaciyar jinya: Sannu 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Na yi jinyar masu shi, kuma kamar wanda wuta ta ƙona muke kula da su: ƙarin ruwa, wankin ciwo, kare su daga ƙwayoyin cuta. In fatar da ta saɓule ba ta kai kashi 10 cikin 100 na jiki ba, shi ne Stevens-Johnson. In ta haura kashi 30 ana kiransa TEN, wato nau'in ciwon mafi tsanani, wanda ke kashe kusan uku cikin goma. Ba kasafai yake faruwa ba, amma magungunan da aka fi kamawa da laifin sanannu ne: carbamazepine ɗin da ya sha, Septrin, Fansidar, phenytoin, lamotrigine, nevirapine, allopurinol. Ku matsa likitan ido ya duba shi tun yanzu.

Wanda ya tsira: Gaskiyarki, Sista. Ni Septrin ne ya kwantar da ni. Fata ta warke, farce ya sake tsirowa, amma har yau idona ba ya hawaye sai na ɗiga magani. Na rubuta sunan Septrin ɗin a kati, yana aljihuna duk inda na shiga.

Ɗan marigayi: Babanmu allopurinol yake sha na ciwon gaɓoɓi. Da yake ya yi mako uku yana sha lafiya lau, ba wanda ya kawo maganin a ransa. Ƙuraje na fitowa muna ci gaba da ba shi, da hannuna. Mun makara zuwa asibiti. In kun ga zazzaɓi da gyambon baki bayan sabon magani, ku tafi a ranar, da kwalin a hannu.

Yayar mara lafiya: Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. An canza wa ƙanena magani, likitan ido ma ya zo ɗazu. Yau ya iya haɗiyar ruwa cokali uku.