Neman shawara kan wasan Hearthstone: in narkar da katunan Priest ɗina in koma Hunter, ko in haƙura?

Mai tambaya, daga Samaru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya mini a rai, jiya ko barcin kirki ban yi ba.

Na fara buga Hearthstone, wasan kati na intanet, a 2022, lokacin dogon yajin aikin jami'o'in nan na wata takwas. Ina zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi, sai ɗan baffana na Tudun Wada ya sa mini shi a waya. Wayar ma ta yayata ce a lokacin, gilashinta ya tsage ta gefe, sai na karkata ta nake ganin katin ƙarshe na hannuna. Ya ce a cikin gwarazan wasan, da kowanne ke da ajin katunansa, in ɗauki Hunter, ni kuma Priest ne ya kwanta mini a rai, don ni ba mutum ne mai gaggawa ba. Na fi son abokin karawa ya zazzage duk abin da ke hannunsa, in share masa fili, in warkar da kaina, sannan in bi shi a hankali. Ko kwabo ban taɓa sa wa wasan nan ba. Duk ƙurar da na tara, wadda ake samu in an narkar da kati a kuma ƙera sabo da ita, ta katunan da suka maimaitu ce, ina narkarwa kaɗan-kaɗan, biyar-biyar, ashirin-ashirin. Watan jiya na rufe ido na ƙera lejandari biyu na Priest, wato katuna mafi tsada, kowanne ƙura 1600.

To ga inda gizo ke saƙar. Ranar Asabar za mu yi 'yar gasa, mu takwas, a shagon cajin da muke zama bayan la'asar, kuma ɗan baffan nawa yana ciki. Satin nan mun kara sau tara, shi da Hunter, ya ci ni bakwai. Kafin in kai lu'ulu'u shida, wato kuɗin sauke kati da ke ƙaruwa da ɗaya kowane zagaye, raina da ya fara da 30 ya dawo ƙasa da 10. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ƙarfin gwarzonsa yana cire mini 2, nawa yana mayar mini da 2, kuma dukkansu lu'ulu'u biyu ne. A lissafi kunnen doki ne, amma ni nake mutuwa.

Shin Priest ɗin ne ba shi da ƙarfi? In narkar da komai in haɗa Hunter kafin Asabar? Don Allah ku taimaka.

Ɗan Kwangila:
Wa alaikumus salam. Narkar kawai, ɗan'uwa. Ni ma na sha wahalar nan. Wasa ɗaya na Priest sai ya ci maka kusan minti ashirin, a lokacin mai Hunter ya gama uku. Ga netwok ɗinmu na nan. Shekaranjiya ina gab da cin wani, katin da zai gama da shi yana hannuna, sabis ya ɗauke. Ina kallo igiyar nan mai nuna ƙarewar lokaci ta fara ci da wuta har ta ƙone, zagayena ya wuce ban taɓa komai ba. Daƙiƙa 75 ce kawai suke bayarwa. Na canza layi sau biyu a shekarar nan, duk kanwar ja ce. Wanda ke Zariya ya buga abin da zai ƙare da wuri.

Tsohon hannu, daga Sabon Gari:
Ƙanina, kada ka saurari wannan maganar. Tun 2014 da wasan ya fito nake bugawa, lokacin gwarazan tara ne kacal, babu Demon Hunter, babu Death Knight. Lejandarin da ka ƙera a 1600, in ka narkar 400 za a ba ka. Guda biyu, ka zuba 3200 ka kwashi 800. Wannan ai sayar da akuya ne ta dawo tana ci maka danga.

Lissafin kunnen dokin naka kuma ba daidai ba ne. Shi yana harbinka da 2 ne alhali dakarunsa suna fili suna dukanka. Kai kuma duk lokacin da ka kashe lu'ulu'u biyu wajen warkar da fuskarka, ba ka ajiye komai a fili ba, zagaye na gaba dukan ya ƙaru. Sannan warkarwa ba ta wuce 30. A zagaye na biyu, in ba a taɓa ka ba, ƙarfin naka ba shi da aikin yi, shi kuwa nasa yana aiki tun daga farko har ƙarshe. Dubi Warrior, sulkensa 2 ne shi ma, amma taruwa yake yi a kan 30 ɗin. Ka ga ba a auna gwaraza da lamba ɗaya.

Kuma ka daina cewa wane ya fi wane. Zubi uku ne a wasan nan: mai gaggawa, mai jan lokaci, da mai tara katunan da za su gama da kai a bugu ɗaya. Mai gaggawa yana cin mai tarawa, mai tarawa yana cin mai jan lokaci, mai jan lokaci kuma shi ya kamata ya ci mai gaggawa. Wato kai ya kamata ka riƙa cin ɗan baffanka. In ba ka cinsa, ƙunshin katunanka ne ya yi nauyi. Turo mana jerin katunan 30 ɗin mu gani.

Ɗan Gyallesu:
Yaya, da girmanka, amma wannan zubi ukun a baki ya fi daɗi. Hunter ya daɗe yana zama ƙaya ga masu jan lokaci, saboda ko ka share masa fili tas, harbin nan na 2 ba ya tsayawa, kuma dakaru masu tsare gida ba sa tare shi. Ƙara da katin Kill Command, lu'ulu'u uku ya cire maka 5 in yana da dabba a fili. Yaron nan bai yi ƙarya ba, karawar tana da wuya.

Tsohon hannu:
Wuya daban, bakwai cikin tara daban. Na ce ya turo jerin.

Mai tambaya:
Na gode Yaya. Amma gaskiya ba na jin ƙunshina ya yi nauyi. Lejandarin nan biyu su ne suke ci mini wasa in an je ƙarshe, sau biyun da na ci shi ma da su ne. Kuma da wannan ƙunshin na kai matakin Gold 5, ba wanda ya taya ni. In na cire su, me ya rage na wahalar da na sha?

Tsohon hannu:
"In an je ƙarshe." Sau nawa aka je? Kai da bakinka ka ce a lu'ulu'u shida kake mutuwa. Katin da ba za ka iya sauke shi ba sai a takwas ko tara, in ya zo hannunka a farko, dutse ne ka riƙe. Ina da tabbacin ko a canjin katunan farko ba ka mayar da su. Wanda ya fara ana ba shi uku, na biyu huɗu da tsabar nan ta ƙarin lu'ulu'u, kuma a nan ake cin rabin wasa da mai gaggawa. Duk abin da ya wuce lu'ulu'u uku, mayar da shi. Wani abu kuma, tun asali Priest yana da rami: Shadow Word: Pain yana kashe mai duka 3 zuwa ƙasa, Shadow Word: Death mai 5 zuwa sama. Mai 4 yana tsakiya, babu mai taɓa shi. Ɗan baffanka ya san wannan, ka lura da irin dakarun da yake sauke maka.

'Yar Kongo:
Ni dai abin da zan ce, kada ka bar kowa ya riƙe maka waya. Ƙanena na ba aro ranar suna a gidanmu, ina can ina fama da baƙi, kafin magariba ya narkar mini da katunan Warlock kusan duka wai zai haɗa Mage. Abin da aka narkar ba ya dawowa. Na yi kuka wallahi, har Mama tana cewa a kan wasan waya. Warlock nake so don shi kaɗai ne ƙarfinsa ke ja maka kati, ka biya da ranka 2, kuma na fi shekara ina gina shi. Har yau ban koma inda nake ba, shi kuma ko a jikinsa.

Mai kula da zaure:
Allah Ya mayar da alheri, 'yar'uwa. Mai tambaya, gasar nan kuɗi kuke haɗawa wanda ya ci ya kwashe? In haka ne ba za mu ci gaba da maganar a nan ba, kun san hukuncin caca.

Mai tambaya:
A'a Malam, ba ma haɗa komai. Mai shagon ne ya ce zai saya wa wanda ya zo na ɗaya data daga aljihunsa. Ni ba datar ce ta dame ni ba. A gaban mutane ne, kuma shi ya koya mini wasan, kullum sai ya ce tun farko ya gaya mini in ɗauki Hunter.

Ɗan Kwangila:
To ka jira mana a rage wa katunan ƙarfi. In an taɓa kati ana mayar da ƙurarsa cif-cif, sai ka narkar ba asara.

Tsohon hannu:
Katin da aka rage wa ƙarfi kaɗai ake mayar wa cikakkiyar ƙura, na ɗan lokaci kuma. Wa zai rage wa katin da ba ya cin wasa ƙarfi? Wanda ya addabi mutane ake taɓawa. Da Demon Hunter ya fito a Afrilun 2020, da ƙarfin gwarzo na lu'ulu'u ɗaya tak, ko kwana biyu bai cika ba aka rage wa katunansa ƙarfi. Haka abin yake juyawa, na sama yau gobe yana ƙasa, shi ya sa mai hankali ba ya narkar da aji guda don Asabar ɗaya. In ma Hunter ɗin kake so, tun 2021 akwai katunan tushe da ake ba kowa kyauta, haɗa mai araha da su ka gwada, ba sai ka rushe gidanka ba. Kuma ku gyara tsarin gasar. A manyan gasa kowa yana zuwa da aji huɗu, abokin karawa ya hana shi ɗaya. Ka hana shi Hunter, magana ta ƙare.

Ɗan Gyallesu:
Yaya, mutumin da aji ɗaya gare shi, ina zai samo huɗu kafin Asabar? Su kuma su hana shi Priest, ya zauna yana kallo?

Mai tambaya:
Gaskiyar Ɗan Gyallesu ke nan. Kuma ni in na ci shi da Hunter, ai maganarsa ce ta tabbata. Da Priest nake so in ci shi. Zan iya cire kati ɗaya ko biyu na tsakiya in sa masu araha, amma lejandarin nan suna nan. Ina ganin ma rashin sa'a ne ya yi yawa satin nan, sau uku Holy Nova, katin da nake share fili da shi, tana can ƙasan ƙunshi ba ta fito ba.

Tsohon hannu:
Sau uku ke nan ina tambayar jerin katunan.

'Yar Kongo:
Tsaya ma tukuna, a Standard za ku buga, mai sababbin katuna kawai, ko a Wild, mai har da tsofaffi? Don duk maganar nan da ake yi ta danganta da wannan.

Mai tambaya:
Ban tambayi mai shagon ba. Cajina ya kai 4, kuma tun safe ba a kawo wuta ba. In na je shago anjima zan turo.