'Yata ta daina magana, asibiti zan kai ta ko wajen malam?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. 'Yata ce, shekararta 15, tana SS1 a makarantar kwana. Tun da ta dawo hutu yau sati biyar kenan ta canza min gaba ɗaya, da ita ce mai surutun gidan amma yanzu ɗaki take shiga ta turo ƙofa, abinci sai na tsaya a kanta take cin loma uku, da daddare ba ta barci, Islamiyyar da take so ma ta ce ba ta zuwa. Shekaranjiya ina mata kitso na ji ta ce "Umma da ma ba a haife ni ba", wallahi sai da hannuna ya yi rawa. Babanta ya ce shagwaɓa ce, Hajiya kuma ta ce iska ce a kai ta ruƙiyya. Ni hankalina ya fi kwanciya da asibiti amma ina tsoron a ce na kai musu jika gidan mahaukata. Saura kwana 10 su koma, in mayar da ita ko in riƙe ta? Ba ta da waya, kafin a ce waya ce.

Abban Sadik: Ki ƙwace wayar kawai, TikTok ne ya lalata yaran nan.

Ɗan Kurna: A duba abokansa, yaran yanzu da kodin da tiramol sai addu'a.

Maman Biyu: Mace ce fa, kuma na ce ba ta da waya.

Yaya Babba: Baiwar Allah ki ji nawa. Ƙanina yana da shekara 17 ya faɗi JAMB karo na biyu, sai ya yi shiru irin wannan, ba wanka ba fira ba masallaci. Baba ya ce taurin kai ne, aka yi duka bai yi ba, aka yi rubutu da hayaƙi bai yi ba, ƙarshe wani kawunmu ya kawo shawarar gidan mari. Wata bakwai ya yi da sarƙa a ƙafa, ni nake kai masa abinci ran Juma'a ina dawowa ina kuka a Adaidaita. Sai da aka fasa irin gidajen nan a Rigasa da Daura a 2019 jikin Baba ya yi sanyi muka ɗauko shi. Likita na ganin sa ya ce ciwon damuwa ne, wata uku da fara magani ya soma dawowa hayyacinsa. Yau yana da shagonsa, amma tabon na nan a idon sawunsa kuma har gobe ba ya iya zama ɗaki ɗaya da Baba.

Ummu Hanan: Innalillahi. Yaya Babba nawa kuka kashe a asibitin?

Yaya Babba: Kati da ganin likita bai kai dubu 3 ba a lokacin, maganin ne kullum sai an saya.

Hajjaju: Dubu 3 a ina? Ni dubu 30 na ajiye a asibitin kuɗi kafin ma a kira sunan ɗana.

Ummu Hanan: Mu kuma kyauta aka duba tamu, magani kawai muka biya.

Sista Nas: Maman Biyu, ni ma'aikaciyar jinya ce. Baƙin ciki da rashin ci da rashin barci da janye jiki daga abin da yaro ke so, in sun wuce sati biyu ba a zuba ido. Maganar da ta faɗa wajen kitso ta fi komai ɗaga min hankali, kar ki jira kwana goman nan. Ki zauna da ita ku biyu ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta, tambayar ba ta sa yaro ya aikata. Ki ɗauke magunguna da fiya-fiya daga inda hannunta zai kai. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ɓangaren ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, Kaduna akwai na Barnawa, Sakkwato akwai na Kware. Addu'a kuma ki ci gaba, ba ta hana ganin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ma ta ce cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 ɗaya na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Hajjaju: Sista kina da ɗa kuwa? Ni tara na raina. Ta fara bin maganar surukarta, aure ake zama ba lissafin Turawa ba.

Sista Nas: Hajiya da girmanki, amma ke ma ai asibitin kika kai naki.

Ɗan Kurna: Ni dai tun da aka cire tallafin mai duk alamomin nan nake da su, wa zai kai ni?

Yaya Babba: Malam ba wajen wasa ba ne nan.

Ummu Hanan: Wai ba wanda ya tambayi me ya faru a makarantar? Tawa ashe siniyoyi ne ke sa ta wanki har ƙarfe ɗayan dare su cinye mata garin kwaki da suga, da na je ƙorafi matar da ke kula da ɗakin kwanansu ce min ta yi kowa haka ya taso.

Abban Sadik: Ga kuɗin makaranta da suke ƙarawa duk zango, ranar ziyara kuma minti talatin su kaɗa ƙararrawa.

Maman Biyu: Ummu Hanan ta dawo ba bokitinta ba bargonta, ta ce min ɓata suka yi. Ke ya kika yi taki ta buɗe baki?

Hajjaju: Bargo ai mu uku muka saya bana.