Hayar mota a Maroko: yaya zan yi in rage kuɗin?

Baban Hafsa, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. In Allah ya kai mu watan Yuli zan tafi Maroko, ni da Hajiya mahaifiyata da maiɗakina da ƙanena. Babban yarona yana karatu a Rabat, bana zai kammala, sai muka ce mu haɗa tafiyar da ziyarar Shehu Tijjani a Fas, don Hajiya ta daɗe tana da wannan buri. Kwana 10 za mu yi. Daga Duwala za mu tashi mu sauka Kazablanka.

Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, shi ya sa na yi tunanin in ɗauki motar haya tun daga filin jirgi har ranar dawowa. Na duba a intanet na ga an rubuta Yuro 11 a rana, wajen saifa 7,200 ke nan. Na yi ta cika bayanai, ina kaiwa shafin ƙarshe sai na ga kuɗin ya kusa ninka uku, ga kuma wasu kuɗin ajiya da suka ce za su riƙe a kati. Katina Visa ne irin wanda ake zuba wa kuɗi kafin a kashe. Shin za su karɓe shi? Wace inshora ce dole, wacce ce ta ganin dama? Kuma farmin tuƙi na Kamaru yana aiki a can? Wanda ya taɓa yi ya taimaka mini don Allah, tikitin jirgi kaɗai ya riga ya girgiza jarin shago.

Mai Jallabiya, Marwa

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa wa karatun yaro albarka, ya ba Hajiya lafiya. Ina zuwa Kazablanka saro kaya a kasuwar Derb Omar, in wuce Fas in ɗauko jallabiya da takalma, saboda haka hanyar nan ba baƙuwata ba ce.

Mu fara da kati, don shi ke kayar da mutanenmu tun ba a kai ga maganar farashi ba. Manyan kamfanonin da ke filin jirgi katin bashi suke so, mai ɗauke da sunan wanda zai tuƙa motar. A kansa suke ɗaure kuɗin ajiya: ba su cire ba, kai ma ba ka isa ka taɓa ba sai ka maido mota lafiya. Mu kuwa a nan abin da bankuna suka fi ba mu shi ne katin cire abin da ke asusu, ko irin naka. Na taɓa tsayawa a layi bayan wani bawan Allah da ya biya kuɗin hayarsa kaf ta intanet. Aka goga katinsa aka ce irin wannan ba ya shiga, ko ya sayi inshorarsu mafi tsada ko ya haƙura da motar da abin da ya biya. Matarsa da yara na zaune kan akwatuna, ƙarami yana barci a cinyarta. Ya zaro Yuron da ya ware na masauki ya ƙirga musu. Don haka kafin ka biya ko dala, ka rubuta wa kamfanin, ka faɗa musu irin katinka, su amsa maka a rubuce, ka adana amsar a waya.

Kuɗin ajiyar ma ba wasa ba ne. A ƙaramar mota ƙirar Dacia an ɗaure mini dirhami 10,000, wajen saifa 600,000, kuma sai da na dawo gida sannan banki ya sake su. Ka ga idan da kuɗin tsaraba ka yi, tsaraba ta tashi. Ƙananan kamfanonin cikin gari sun fi sauƙin kai, wasu suna karɓar ajiya a tsabar kuɗi. In ka bi ta nan ka karɓi rasit mai hatimi. Duk wanda ya ce ka bar masa fasfo a madadin ajiya, ka yi masa sallama. Otel zai nemi fasfon, jandarma ma za su iya nema a hanya.

Amma babban ragin da za ka samu ba a wurin ciniki yake ba, a yawan kwanaki yake. Me za ka yi da mota kwana 10? Jirgin ƙasa yana tashi daga cikin filin jirgin Muhammadu na Biyar, cikin kamar rabin awa ya kai ku tashar Casa Voyageurs, daga nan wajen awa ɗaya kuna Rabat. A Rabat kuma ga taragon cikin gari da ke haɗa ta da Sale tun 2011, ga tasi, ga yaronka da ya san lungu da saƙo. Motar da ka ɗauka za ta wuni a bakin titi, kana biyan kuɗinta, kana biyan masu gadin mota masu rigar nan mai ƙyalli. Da ni ne, sai an gama bikin yaro zan ɗauki mota a cikin Rabat, ba a filin jirgi ba, don na filin jirgi akwai ƙarin kuɗin wuri a kai. In nufi Fas, kilomita wajen 200 a babbar hanya, in ratse ta Miknas da Mulay Idris Zarhun, in dawo in maida ita inda na ɗauke ta. Ɗauka a wani gari ka ajiye a wani, shi ma da kuɗinsa daban. Kwana huɗu sun isa. Kuma kwanansu awa 24 ne daga lokacin da ka karɓi makulli. Ka karɓa ƙarfe 9 na safe ka maido da azahar, an rubuta maka sabon kwana.

Inshora kuwa, wadda ke cikin farashi tana da wani kaso da kai za ka biya in an yi ɓarna, shi ne dalilin ajiyar nan. Sau da yawa ba ta ɗaukar taya da gilashi da ƙasan mota. Wadda shafukan kwatanta farashi ke sayarwa da araha kuma, kai za ka fara biyan kamfanin motar, daga baya ka tura takardu ka jira a maido maka. Mai zama a Faransa zai iya bin wannan sawu, amma daga Garwa wahala ce. Ni in kwanakin kaɗan ne nakan sayi cikakkiyar ta kamfanin da kansa, don tana rage ajiyar sosai, hankalina kuma ya kwanta. A kwana 10 za ta yi maka nauyi, a kwana huɗu za ka iya.

Ranar karɓa kar ka yi sauri. Ka kunna bidiyo ka zagaya motar a gaban ma'aikacinsu, ka durƙusa ka ɗauki ƙasan bamba, ka ɗauki bakin kowace taya, ka buɗe but ka ga safaya da jak, ka ɗauki allon mai da na kilomita. Duk ƙarzuwar da ka gani a sa ta a takarda kafin ka sa hannu. Ka zaɓi tsarin da za su ba ka tanki cike ka maido cike, ka sha mai a gidan mai na kusa da su ka riƙe rasit. Ka tambaya fetur take sha ko gas, wato dizal, don motocin gas suna da yawa a can, kuma in aka zuba ba daidai ba inshora ba ruwanta. Mai giyar hannu ta fi mai tuƙa kanta araha nesa ba kusa ba. Na'urar nuna hanya kar ka karɓa, layin Maroc Telecom ko Orange ko Inwi a wayarka ya wadatar.

Farmina na Kamaru aka karɓa, tunda akwai Faransanci a jiki, amma ka haɗa wannan tambayar a saƙon da za ka tura musu. Sai gudu: babbar hanya 120 ne, cikin gari 60, kuma jandarma suna laɓewa da na'ura a mashigar garuruwa. Tara ɗaya za ta cinye abin da ka rage a ciniki. Ka kuma tanadi canjin dirhami na kuɗin shingen babbar hanya.

Ɗalibi a Fas, ɗan Njamena

Baba Alhaji barka da ƙoƙari, Allah ya kawo ku lafiya. Duk abin da Yaya Mai Jallabiya ya faɗa haka ne, sai dai ni a ganina ko zuwa Fas ɗin ba ku buƙatar mota. Zawiyar Shehu tana cikin tsohon gari, unguwar Blida, kusa da masallacin Ƙarawiyyin, kuma mota ba ta shiga tsohon gari sam. Lunguna ne, jakuna da alfadarai da amalanke ke ɗaukar kaya. Ko da motar kuka zo, a wajen ganuwa za ta kwana.

Don gwiwar Hajiya, kar ku bari a sauke ku a ƙofar ganuwa ta Bab Bujulud. Nan ne baƙi suka fi sani, amma daga can gangara ce mai tsawo, dawowa kuma hawa. Ku ce wa mai tasi Rasif, daga dandalin nan tafiyar ta fi gajarta. In kuna son zikirin Juma'a ku shiga tun kafin la'asar, don wurin yana cika, ku sama mata gefen da za ta miƙe ƙafa.

Jirgin ƙasa daga Rabat zuwa Fas wajen awa uku ne, da sanyi a ciki. Abu ɗaya dai, ƙananan tasi na cikin gari, jajaye a Fas, shuɗaye a Rabat, mutum uku kawai doka ta yarda su ɗauka, ku biyar sai kun rabu biyu. Ranar zuwa Mulay Idris sai ku yi jinga da babbar tasi ta wuni guda, direba ya kai ku ya jira ku. Ba ajiya, ba inshora, ba maganar kati. In kuma kun tsaya kan motar, ku kama ta tun yanzu da sharaɗin sokewa kyauta. Yuli da Agusta 'yan Maroko mazauna Turai ke dawowa gida hutu, motoci su yi wuya, farashi ya hau.

Maman Abba, Ngaundare

Ɗana ɗalibi, lissafinka na mai jaka ɗaya a baya ne. Na raka surukata wannan ziyara, kuma abin da ya fi gajiyar da ita hawa da sauka ne: matakalar jirgin ƙasa, jiran tasi a rana, a raba ta da ɗanta a sa ta wata motar. Tsohuwa tana son inda za ta ce a tsaya ta yi alwala a tsaya. Alhaji, ka ɗauki motar ko ta kwana huɗun ce, Hajiya ta fi ƙarfin wannan kuɗin.

Sai dai ka manta da ta Yuro 11. Wannan ƙaramar mota ce, manya biyar da akwatuna ba za ta ɗauke ku ba, balle an taso daga Fas da barguna da jallabiyoyi. Ka nemi mai kujera bakwai irin Dacia Lodgy, a naɗe na baya a zuba kaya. Motoci biyu ƙanana ko tasi na bin ku da kaya ya fi wannan tsada.

Kafin ku tashi ka shiga bankinka da tikiti da fasfo, ka ce su buɗe katin don aiki a wajen ƙasashen CEMAC, wato ƙasashenmu na tsakiyar Afirka masu amfani da saifa, ka ji iyakar abin da zai iya biya a rana. Saifarmu kuma ka canza ta Yuro tun a gida, ka sayi dirhami in kun sauka. In na'urar biya ta tambaye ka da wane kuɗi za ka biya, ka ce dirhami.

Baban Hafsa, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Maman Abba kin faɗi abin da ke raina. Na tsaya kan kwana huɗu daga Rabat. Yanzu na yi waya da ƙanena, ashe shi yana da katin bashi ta wurin aikinsa, sai dai ni na fi shi sabo da doguwar hanya. Za a iya amfani da katinsa ni in tuƙa? Yaron ma yana da farmi, shekararsa 22, yana ta cewa zai taya ni. Sannan maiɗakina tana son ta ga Marakesh, ko za a iya cusa ta cikin kwanakin?

Mai Jallabiya, Marwa

Madalla Alhaji, katin ƙanenka ya warware rabin matsalar. A yi hayar da sunansa a matsayin babban direba, ya zo da farminsa da fasfonsa, kai kuma a rubuta ka direba na biyu. Akwai ɗan kuɗi a kai, ka biya, don in wanda ba a rubuta ba ya yi hatsari inshora ta faɗi gaba ɗaya. Yaron a bar shi ya zauna gaba ya riƙe waya yana nuna hanya. Kamfanoni da yawa suna ƙara kuɗi ga wanda bai kai 25 ba, wasu ma ba sa ba shi babbar mota.

Marakesh kuwa ba ta shiga kwana huɗun nan. Daga Fas kilomita sama da 500 ne, wuni guda a hanya, ga mai ga kuɗin shinge, ga Hajiya a zaune cikin zafin Yuli. Wasu kamfanonin ma suna ƙayyade kilomitan da za ka ci a rana, su caje ka kan kowane da ya haura, ka duba wannan layin a takardar. Ku maida motar Rabat, Hajiya ta huta a wurin jikanta, kai da maiɗakinka ku hau jirgin ƙasa zuwa Marakesh ku kwana ɗaya. A dawowa ku haɗu da su a Casa Voyageurs ku wuce filin jirgi tare.